Littafin da baduku ya ɗinka wa Baffa

Ranar da aka zauna rabon gadon Baffa a zauren gidanmu, a wani ƙauye na ƙasar Ringim, an lissafa gonaki biyu, da shanun huɗa, da keke, har da tsohuwar rediyo. Littattafansa na addini aka fito da su cikin gafakarsu, malamin da ke rabon ya duba su ɗaya bayan ɗaya, aka yi musu kuɗi, babban ɗansa ya karɓe su cikin kasonsa da hannu biyu. Daga nan aka jawo adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe sai ga littattafan Hausa na boko, wajen ashirin. Wani daga cikin manya ya leƙa ya ce, "Waɗannan ai tarkace ne, a bar wa yara." Ba wanda ya musa. Ba a yi musu kuɗi ba, ba su shiga lissafi ba.

Na matsa kusa da Gwaggo na ce, "Gwaggo, da za ku yarda, da na ɗauki wannan mai jan bangon." Ta ce, "Ɗauki mana, ɗan nan. Me za a yi da shi?" Bayan an watse na tsinci wasu guda uku a tsakar gida. Sauran kuwa, kafin a yi sadakar arba'in na ga shafin ɗaya daga cikinsu a hannun wani yaro, an ƙunsa masa ƙosai a ciki.

Wannan abu ya tsaya mini a rai, kuma na san ba gidanmu kaɗai ba ne. A ƙauyukan Kano da Jigawa tsofaffin malaman firamare na zamanin En'e suna ta ƙarewa, da malaman gona, da malaman asibiti, da waɗanda suka yi ajin yaƙi da jahilci. Kusan kowannensu ya bar adaka irin ta Baffa, kuma kusan kowace adaka irin wannan ƙarshe take yi. Ra'ayina shi ne muna tafka asara da hannunmu, domin mun ɗauka labarin da ke cikin littafi shi kaɗai ne littafi, jikinsa kuwa ba komai ba ne.

Bari in kwatanta wanda na tsira da shi. Magana Jari Ce ne, littafi na ɗaya, na Alhaji Abubakar Imam, bugun Zariya. Farashin da ke jikinsa da tsohon kuɗi aka rubuta shi, na zamanin sule da kwabo, wato Baffa ya saye shi kafin naira ta shigo a 1973. Bangonsa na asali takarda ce, kuma da ya fara yagewa saboda yawan hannu, Baffa bai yar da shi ba. Ya kai wa baduku, irin yadda yake kai Ishmawi ko Risala in bangonsu ya gaji. Baduku ya warware shi, ya jera shafukan kashi-kashi, ya ɗinke kowane kashi ta tsakiyarsa da zare mai ƙwari, sannan ya haɗa su a gadon baya. Ya yanko kwali biyu ya lulluɓe su da fatar akuya, jemammiya da bagaruwa, rinanniya da karan dafi. Ya ja baƙin layi biyu na kuloko a gefe-gefe, ya bar wani leɓe na fata da ke rufe bakin shafukan, ya sa siririyar igiyar fata da ake naɗewa sau biyu a soke. Abin da ya fi burge ni, bai cire tsohon bangon takardar ba. Ya bar shi a ciki, a matsayin shafin farko, da yagewarsa da komai.

Duk wanda ya tashi a gidan malamai zai gane wannan aiki da gani ɗaya. Tadarishi ne, wato bangon fata irin na Alƙur'ani, aka yi wa littafin boko. Mu mutane ne da suka daɗe da sanin yadda ake kula da takarda. Alƙur'anin da alaramma ya rubuta da ka, ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne, amma sai ya shekara ɗari bai ɓata ba. A ƙasan shafi an rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, don ko iska ta watsa su a iya mayar da kowanne gurbinsa. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya. A kan kowane hizifi da sumuni da wurin sujada an yi zayyana. Takardar kanta, a tsofaffin kwafi, in ka ɗaga ta a rana za ka ga alamar jinjirin wata uku a cikinta. Daga Italiya ake yin ta, fatake su ratso Sahara da ita. Sai a sa Alƙur'anin tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka, a rataye a bango nesa da laima da gara. Ba ina haɗa darajar Littafin Allah da littafin hikaya ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne sana'ar adana littafi tamu ce tun kaka da kakanni, tana hannun dukawa da majema, kuma ba abin da ya hana mu yi wa rubutun harshenmu hidima da ita sai raini.

Amfanin wannan ɗinki na gan shi da idona a daminar 2022, lokacin da ambaliya ta ci garuruwa da yawa a Jigawa, har da ƙasarmu ta Ringim. Ruwa ya shiga ɗakin Baffa, kuma ko da yake adakar tana kan bulo, laima ta ratsa ta. Littattafan baya-bayan nan da aka haɗa da gam, shafukansu suka saki gadon baya suka zube. Waɗanda aka ɗaure da ƙarfen maƙala takarda, ƙarfen ya yi tsatsa ya cinye tsakiyarsu. Mai jan bango kuwa tabon ruwa kawai ya yi a gefen ƙasa. Zare ba ya tsatsa, ba ya kuma bushewa ya karye da hunturu kamar gam. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma ba ƙarko kaɗai ya sa nake wannan magana ba. A cikin bangon, Baffa ya rubuta da fensir sunayen waɗanda suka ari littafin, da watan da suka karɓa da watan da suka dawo da shi. Na ƙirga suna goma sha tara. Akwai maƙerin garinmu, akwai wani mai awo, akwai mata biyu da aka rubuta su da sunan gidajen mazajensu. Yawancinsu sun rasu. In yau aka tambaye ni su wa suka fara iya karatun boko a ƙauyenmu, ba ni da wata takarda da zan nuna sai wannan. A wasu shafuka ya ja layi ƙarƙashin karin magana, a wasu ya rubuta a gefe yadda mu muke faɗin kalmar a nan. Rubutun littafin kansa shaida ne: "ya ke" da "su ke" a rarrabe, yadda ake rubuta su kafin a daidaita ƙa'idar da muke bi yanzu. Ɗalibin da ke son sanin yadda rubutun Hausa ya taso ba zai ga wannan a sabon bugu ba, domin an gyara.

Sai zane-zanen. A nan ne zuciyata ta fi karkata. Muna yara, bayan sallar isha'i, Baffa kan shimfiɗa tabarma a zaure ya kunna fitilar ƙwai ya karanta mana labarin Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da akun nan mai hikima. In ya zo shafin da ke da zane sai ya dakata, ya juyo mana da littafin kusa da fitila. Mukan yi ta turereniya. Zane ne na baƙar tawada a kan farar takarda, ba launi ko ɗaya, amma layukan sirara ne ƙwarai, har kana rarrabe naɗin rawani da ninkin riga a kafaɗa. A lokacin ban iya haɗa baƙi ba, amma na riga na san cewa a cikin littafi akwai mutane masu irin shigar kakana. Gani ya kori ji. Ina da yaƙinin cewa zanen nan ne ya fara ja na zuwa karatu kafin malamin aji ɗaya ya ɗora.

Waɗanda suka fara buga littattafan nan sun san da haka. Tun gasar 1933 da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya ƙarƙashin Bature Rupert East, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, mutumin ƙasar Kano, manufar ita ce a sama wa sababbin masu karatu abin da zai sa su so karatu. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Kamfanin Gaskiya a 1945, da NORLA, hukumar samar da littattafai ta Arewa, a shekarun 1950, har zuwa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. A cikin shekarun 1930 ɗin nan ne aka shigo da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kuma sai da aka tanadi ƙarfen ɗab'insu musamman kafin maɗaba'a ta iya buga su. Wato an sha wahala a kan yadda shafi zai fito, ba a kan labari kaɗai ba. Mutum ya zauna ya zaɓi girman harafi don idon ɗan koyo, wani ya zauna ya zana hoto, wani ya jera ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yi makaranta a Arewa ya san sunan Abubakar Imam. Ka tambaye shi wa ya yi zanen da ya yi ta kallo yana yaro, sai ya yi shiru. Wannan ma wani hakki ne da muka danne, kuma muna ci gaba da dannewa. Littattafan da matasan Kano suka riƙa bugawa da kansu daga tsakiyar shekarun 1980, da yawansu da hannu aka zana bangonsu, masu zanen suna nan cikin birni da unguwanni, wasu na raye, ba mai neman su. Daga baya aka koma liƙa hotunan 'yan fim, yanzu kuma hoton wata baƙuwar fuska ake saukowa da shi daga intanet a ɗora.

Bara na saya wa 'yata kwafin wannan littafi a wata kasuwa, don ba na son ta riƙa jan na Baffa. Da na buɗe sai raina ya ɓaci. Bugun sata ne, an ɗauki hoton wani kwafi da shi ma hoton wani kwafin ne. Siraran layukan nan duk sun haɗe sun zama baƙin tabo, fuska ba ido ba hanci. Shafi huɗu babu su. Kafin hunturu ya wuce gadon bayan ya tsage. Na san dalili: takarda daga waje ake shigo da ita, naira ta karye, mai saye yana neman mai araha, mai bugun sata kuma ba ya biyan marubuci ba ya biyan kamfani. Amma yarinyar ta duba zanen ta ce mini, "Baba, wannan mene ne?" Abin da ya ja ni zuwa karatu, ita bai ce mata komai ba.

Za a ce mini ai labaran duk suna cikin waya. Gaskiya ne, kuma ina murna da hakan. Yaron da ke Maigatari ko Gwaram yau yana iya samun littafin da ubansa bai taɓa riƙewa ba. Sai dai a duba abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Mafi yawa wani ne ya sake bugawa da yatsa, ba zane, ba lambar shafi, ba shekarar bugu, ba sunan maɗaba'a. Haruffa masu lanƙwasa sun zube, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Wani ya gaji a tsakiya ya taƙaita, wani ya sauya kalmar da bai gane ba. Ranar da gardama ta tashi a kan abin da marubuci ya rubuta da gaske, wurin tsohon bugu za a koma. In duk an ƙunsa ƙosai da su, wa zai raba gardamar?

Akwai kuma masu ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini. Ina girmama wannan, kuma na ga littattafan da aka ja wa hotunansu layi a wuya ko aka shafe fuskokin da tawada. Baffa mutum ne mai riƙo da addini, ya yi limancin masallacin unguwarmu shekaru, kuma ya ajiye gafakarsa a rataye, adakarsa a ƙasa, kowanne da matsayinsa. Roƙona ga wanda ransa bai kwanta ba shi ne kada ya yaga, kada ya ƙona. Ya miƙa wa makaranta ko wani ɗan'uwa.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta yunwa. Mutumin da ke lissafin kuɗin taki da na maganin yaro, ka zo masa da zancen bangon littafi? Na yarda, kuma shi ya sa ba na kiran gwamnati ta gina wani katafaren gini a Dutse. Abin da nake nema ya fi haka sauƙi, kuma farkonsa ba ya cin ko kwabo: malaman da ke rabon gado su daina tsallake adakar boko. Duk abin da mamaci ya bari mai ƙima dukiyar gado ce, kuma littafi da kuɗi aka saye shi. A fito da su a ƙirga, a yi musu kuɗi ko kaɗan ne, a sa su a kason wani da sunansa. Abin da aka yi wa kuɗi a gaban shaidu yana da mai shi, abin da aka ce "a bar wa yara" kuwa ba na kowa ba ne. Da malamin da ya raba gadon Baffa ya yi haka, da littattafai ashirin suna nan, ba huɗu ba.

Wanda ya gaje su kuma ya san abin da ke kashe takarda. Kada a ƙulle littafi a leda, domin tana riƙe gumi ta haifar da fumfuna. Kada a liƙe yagewa da salatif. Bayan 'yan shekaru yakan bushe ya faɗi ya bar tabon da ba ya fita. Kada a kai shi shago a narka masa roba a jiki. A ɗaga adaka daga ƙasa, a nisanta ta da bangon da ke yoyo, a zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki saboda ƙwari, a riƙa fito da su suna shan iska a inuwa in damina ta wuce.

Jami'o'i da kwalejoji suna da nasu aikin. Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano da Jami'ar Bayero suna adana tsofaffin takardu, kuma sun cancanci yabo. Amma ɗaliban Hausa na Bayero da na Kwalejin Ilimi ta Gumel, da yawansu 'yan ƙauyukan nan ne, duk hutu suna gida. Me zai hana a ba su aikin zagaya gidajen tsofaffin malamai, su rubuta wane littafi ke ina, bugun wace shekara, su ɗauki hoton kowane shafi da waya, har da bango da hatimin makaranta da rubutun gefe? Abin da ban goyi baya ba shi ne a kwashe littattafan a kai birni. Sunaye goma sha tara da ke cikin na Baffa, a Kaduna sunaye ne kawai. A garinmu kuwa kowanne yana da jikoki da za su zo su gani.

Makon jiya na ɗauki guda ukun da na tsinta a tsakar gida na tafi kasuwar Gujungu, na nemi rumfar dukawa. Na sami wani dattijo yana ɗinkin kube, gefensa layu da linzami da 'yan takalma. Bayan mun gaisa na kwance ƙunshin na ce, "Baba, ko za ku iya yi wa waɗannan irin wannan aikin?" Na miƙa masa mai jan bangon. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya warware igiyar, ya buɗe tsakiya, ya bi zaren da farce yana ƙirga ɗinkin, ya shinshina fatar. Ya ce rabonsa da a kawo masa littafin boko tun mahaifinsa na da rai, kuma yanzu ko gafaka ba a cika nema ba, almajirai jakar leda suke ratayawa, takalmin roba kuma ya kashe musu kasuwa. Yaransa biyu duk sun koma acaba.

Kuɗin da ya yanka mini a kan kowane littafi bai kai na takalmin fata ƙafa ɗaya ba. Na roƙe shi ya bar tsofaffin bangon a ciki kamar yadda na farko ya yi, kada kuma ya datse gefen shafi don ya daidaita, saboda akwai rubutun Baffa a wurin. Ya ce ya ji. Ya nemi in bar masa na Baffa ya riƙa dubawa, na ce wannan kam ba ya kwana a waje, sai dai in dawo da shi duk ranar kasuwa. Ya yi murmushi ya ɗauko wani guntun kwali ya auna tsawo da faɗin leɓen, ya zana yadda igiyar ta ratsa. Ya ce jar fata mai kyau sai ya aika Kano wurin majema, in ba shi kasuwa uku.